Hattara da Tsatsa, Maƙiyin da Ke Cin Barikin Soja ta Ƙarƙashin Ƙasa

Rundunar sojan Amurka, duk da ƙarfinta da tarin makamanta, tana asarar kimanin dala biliyan 20 a kowace shekara saboda tsatsa. Barnar ta kai matsayin da a shekarar 2002 sai da majalisar dokokin ƙasar ta tilasta wa ma'aikatar tsaro ta ɗora wa wani babban jami'i alhakin yaƙi da ita. Asarar kuɗi ma ita ce mai sauƙi. Babbar musibar tana ƙarƙashin ƙasa, inda tankunan mai da bututu suke kwance shekara da shekaru ba mai ganinsu, ruwan da jama'a ke sha kuma yana ƙasa da su.

Ƙarfen da aka binne a ƙasa mai laima, ko aka tsoma a ruwan gishiri, yakan riƙa sakin 'yar wutar lantarki daga jikinsa. Duk inda wutar ta fita ta shiga ƙasa, nan ƙarfen ke cinyewa. Amfiya ɗaya tak, idan ta shekara tana fita, tana tafiya da wajen kilo 9 na ƙarfe. Fenti da kwalta suna karewa, amma ƙwarzane ɗaya ya isa, domin nan ne duk cin zai taru har ya huda bututu. Aikinta irin na gara ne: waje lafiya lau, ciki ya zama hoto.

Maganin ba sabo ba ne. Tun a 1824 masanin kimiyya na Ingila, Humphry Davy, ya gwada shi a jikin jirgin ruwan yaƙi mai suna Samarang. Shi ake kira kariyar katod, kuma iri biyu ne. Na farko, a haɗa tanki da wani ƙarfe mai saurin cinyewa, kamar tutiya ko magniziyam ko alminiyam, ya zama ƙarfen fansa, tsatsa ta ci shi ta bar tankin. Na biyu, a kafa na'urar rektifaya ta riƙa tura wuta cikin ƙasa zuwa jikin ƙarfen, ta hana tasa wutar fita. Injiniya yakan kafa sandar awo ta jan ƙarfe a ƙasa, ya jona waya da bututun, ya duba mita. Idan ya ga milibolt 850 a ɓangaren debewa ko fiye, ya san ƙarfen yana cikin kariya. Idan bai kai ba, mai yiwuwa ana cinsa a daidai wannan lokacin.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce, ya dubi Red Hill a tsibirin Oahu na jihar Hawayi. Tsakanin 1940 da 1943 sojan ruwan Amurka suka haƙa cikin dutse kusa da tashar Pearl Harbor, suka gina tankuna 20, kowanne tsayinsa ƙafa 250, faɗinsa ƙafa 100, yana ɗaukar galan miliyan 12 da rabi. Kaurin ƙarfen bangon kwata ɗin inci ne, an lulluɓe bayansa da kankare, ba yadda za a yi a gan shi balle a shafe shi. Ƙafa 100 kacal ke tsakanin gindin tankunan da ruwan ƙarƙashin ƙasa da birnin Honolulu ya dogara da shi.

A watan Janairun 2014 galan 27,000 na man jirgin sama ya tsiyaye daga tanki na 5 bayan wani gyara da ba a yi da kyau ba. A 2018 aka yanko faranti 10 daga bangon tanki na 14 don a gani da ido. Aka tarar da tsatsa a bayansu, kuma a kan wasunsu abin da na'urar bincike ta nuna tun farko bai dace da abin da aka gani ba. Babban injiniyan hukumar ruwa ta Honolulu, Ernest Lau, ya yi ta jan kunne, aka yi ta cewa tankunan lafiyarsu ƙalau.

A watan Nuwamban 2021 mai ya shiga rijiyar da ke ba da ruwa ga mutane kusan 93,000, galibinsu iyalan sojoji. Mata suka buɗe famfo suka ji warin mai. Yara suka kama amai da ciwon kai da ƙuraje, aka kwashe dubban iyalai zuwa otal-otal. Bincike ya nuna kuskuren ma'aikata da fashewar bututu ne suka jawo wannan malalar, amma tushen duka ɗaya ne: an bar tsohon wuri yana lalacewa, an yi watsi da gargaɗi. A watan Maris na 2022 sakataren tsaro Lloyd Austin ya ba da umarnin rufe wurin baki ɗaya, aka kwashe sama da galan miliyan 104 na mai. Haka a sansanin sojan sama na Kirtland a jihar New Mexico, bututun ƙarƙashin ƙasa ya yi shekaru da dama yana yoyon man jirgi, ba a gano ba sai 1999.

Dokar Amurka ta tankunan ƙarƙashin ƙasa a fili take. A gwada kariyar cikin wata 6 da kafa ta, a sake gwadawa duk shekara 3, a duba rektifaya duk kwana 60, a ajiye rubutaccen sakamako. Amma manyan tankuna irin na Red Hill an ɗage musu yawancin waɗannan sharuɗɗan tun 1988, sai a 2015 aka shigo da su. Nan haɗarin yake. Rektifayar da fis ɗinta ya ƙone, ko ƙarfen fansan da ya cinye ba a sauya ba, ba sa ƙara, ba sa hayaƙi. Takarda tana cewa akwai kariya, tsatsa tana ta aikinta.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma barikokinmu da sansanonin jiragen sama da gidajen mai suna da tankuna a binne, unguwanni da rijiyoyin burtsatse sun kewaye su. Ya kai kwamanda, ka tambayi injiniyanka ranar da aka yi awo na ƙarshe, ka ce ya kawo littafin ka gani. Ya ku masu tsara kasafi, kada ku yanke kuɗin kula da abin da ido ba ya gani don ku sayi abin da za a yi fareti da shi. Ya ku 'yan majalisa, kada sirrin tsaro ya zama dalilin keɓe barikoki daga dokar kare ruwa. Tankin da ba a aunawa ba shi da kariya, kuma ranar da ya huje, 'ya'yan sojan da ke gadinsa ne za su fara shan gubar.