Amsar Wasiƙunku: Me Ya Haɗa Takin Sufa da Akwatin Kifin Teku?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga ƙasar Haɗejiya, ya rubuto mana cewa da ya je Umra ya biya ta Jidda, ya shiga wani kanti ya tarar da akwatin gilashi cike da ruwan teku, ga kifaye masu launi iri-iri, ga wasu abubuwa kamar furanni a kan duwatsu. A ƙarƙashin akwatin ya ga wata doguwar kwalba, wasu fararen ƙwayoyi kamar shinkafa suna ta juyi a cikinta. Mai kantin ya ce masa maganin fosfet ne. Shi kuwa a saninsa fosfet taki ne, kuɗi yake sawa ya saya. Yaya aka yi ya zama cuta? Kuma in ya samo ƙwayoyin nan, za su yi wa tafkin karfasarsa magani? Don ruwan yakan yi kore shar, kifin su riƙa mutuwa da asuba.

AMSA: To Alhaji, mun gode da wasiƙarka, Allah Ya karɓi ibada. Ba ka yi kuskure ba. Fosfet ɗin nan shi ne dai wanda ke cikin takin sufa da kake zuba wa gyaɗa, shi ne kuma harafin tsakiya a jikin buhun NPK. Abin da ya bambanta shi ne wurin da ya faɗa.

Waɗancan abubuwa da ka gani kamar furanni ba tsiro ba ne, dabbobi ne ƙanana da ke zaune a cunkushe wuri guda, sunansu murjani. 'Yan uwan jan murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya ne, ko da yake shi na wuya jinsinsa daban, daga tekun Bahar Rum aka fi samo shi. Kowace dabba takan gina wa kanta gida na farar ƙasa mai tauri daga abin da take tsotsa a ruwa, gida bisa gida, har a yi tudu a cikin teku. Bakin tekun Bahar Maliya inda Jidda take cike yake da irin wannan tudu. Mafi girma a duniya yana gabar Ostireliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300.

Shi murjani ɗan ruwa mai tsabta ne ƙwarai, inda taki bai da yawa. Masu kiwonsa a akwati sukan so fosfet ya tsaya wajen miligiram 0.03 zuwa 0.1 a kowace lita. Don ka gane ƙanƙantar abin, ɗauki tankar mai ta lita 33,000 ka cika ta da ruwa, ka jefa giram 1 a ciki, watau kamar kwatan dunƙulen Maggi. To wannan shi ne 0.03 ɗin. In ya haura da yawa, abu biyu ke faruwa. Fosfet yakan hana murjani gina gidansa yadda ya kamata, sai girma ya tsaya, launi ya koma ruwan ƙasa. Sannan gansakuka ta samu abinci, ta taso ta lulluɓe duwatsu da gilashi, ta shaƙe murjanin kamar yadda ciyawa ke cinye gonar da ba a nome ba.

Ina fosfet ɗin ke fitowa, alhali ba wanda ya zuba taki? Daga abincin kifi. Duk abin da aka ba kifi yana da fosfet, wanda suka ci ya fita a kashinsu, wanda suka bari ya ruɓe. Ruwan famfo ma wani lokaci yakan zo da nasa. A teku ruwa na da yawa, yana tafiya. A akwati kuwa ba inda za shi, kullum sai taruwa.

Yanzu ga batun ƙwayoyin da ka gani. Turawa na kiransu bayofelet, kuma wajen shekarar 2009 ne suka fara yaɗuwa. Wata irin roba ce da ke ruɓewa, ba irin ta leda ba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, su kansu ƙwayoyin ba sa taɓa fosfet ko kaɗan. Abinci ne kawai. Akwai ƙananan halittu a cikin ruwa da ido ba ya gani, watau bakteriya, waɗanda ba masu sa cuta ba. Suna buƙatar abu uku kafin su hayayyafa: kabon, da naitiret, da fosfet. A akwati na biyu da na uku sun yi yawa, na farko ne ya yi ƙaranci. Ƙwayoyin nan kabon ne. Da zarar an sa su, sai bakteriya su manne musu suna ci, suna haihuwa, suna zuƙe naitiret da fosfet daga ruwa suna gina jikinsu da su. Wasu masu kiwon ma sukari ko ruwan tsami na binigar suke ɗigawa kullum don wannan manufa. Amfanin ƙwayoyin shi ne ba sai an riƙa aunawa kowace safiya ba.

Amma fa aiki bai ƙare ba. Fosfet ya bar ruwa ya shiga cikin bakteriya, su kuma suna nan cikin akwatin. In suka mutu a nan, sai su mayar da shi. Kamar ka sa tumaki su cinye maka ciyawar gona ne, in ka bar su a ciki, takin nan zai dawo ƙasa ta kashinsu, sai ka kora su waje ne ka rabu da shi. Dalilin juyin da ka gani ke nan. Famfo ke turo ruwa ta ƙasan kwalbar, ƙwayoyin na gugar juna, bakteriyan da suka yi kauri suna ɓanɓarowa. Daga nan ruwan ya wuce cikin wata na'ura mai tayar da kumfa. Kumfar ta kwashe su ta zuba a wani kofi, mai akwatin ya ɗauka ya zubar. Baƙin ruwa ne mai wari. In babu na'urar kumfan nan, kuɗin ƙwayoyin asara ne.

Hanyar tana da nata wahalhalu, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Bakteriya sun fi cin naitiret nesa ba kusa ba. Wani masani ɗan Amurka, Alfred Redfield, ya nuna cewa ƙananan halittun teku na ɗauke da naitirojin kashi 16 a kan kowane kashi 1 na fosfaras. Lissafin bakteriyan akwati ba lallai ya zo daidai da wannan ba, amma hanyar ɗaya ce. Saboda haka sau da yawa naitiret yakan ƙare tukuna, bakteriya su tsaya cik, fosfet yana nan. A nan sai a koma ga wani jan gari mai kama da tsatsar ƙarfe wanda fosfet ke manne masa, in ya ƙoshi a canza shi.

Gaggawa ma takan kashe kifi. Wanda ya cika kwalbar a rana ɗaya, bakteriya za su yi yawa farat ɗaya, ruwa ya yi fari kamar an dama koko, su shanye iskar da kifi ke shaƙa. Masu hankali da kwata ko rabin abin da aka rubuta suke farawa, su jira mako 4 zuwa 6 kafin su ga canji, suna gwada ruwan kowane mako. In kuma aka tsotse fosfet ɗin ƙaf, murjani ya koɗe ya rame, don shi ma yana son ɗan kaɗan. Sai kuma wadda ta fi shafar irinmu: wuta. In aka ɗauke ta na sa'o'i, famfo ya tsaya, ruwan kwalbar ya ruɓe ya riƙa warin ɓataccen ƙwai. Wuta na dawowa sai famfo ya tura gubar nan cikin akwati.

Game da tafkinka, Alhaji, kada ka kashe ko sisi a kan ƙwayoyin nan. An yi su ne don akwatin 'yan ɗaruruwan lita, kuma na'urar kumfa ba ta aiki sosai sai a ruwan gishiri. Amma ciwon iri ɗaya ne. Koren da kake gani gansakuka ce ƙanana da ta ƙoshi da taki. Da rana tana ba ruwa iska, da dare tana shanyewa, shi ya sa kifinka ke tasowa suna haki da asuba. Tarwaɗa takan jure don tana iya shaƙar iskar sama, karfasa ba ta da wannan.

Ɗan kore ba laifi ba ne, abincin karfasa ne ma. Tsoma hannunka a ruwan. In kana hango tafinka har ruwa ya kusa gwiwar hannu, lafiya lau. In ya ɓace tun ruwa bai wuce wuyan hannu sosai ba, ya yi yawa. Daina zuba kashin kaji ko taki a tafkin, ka rage abinci zuwa abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15. Zubar da wani kashi na ruwan ka ƙara sabo, tsohon kuma ka kai wa alayyafo da tumatir, taki ne kyauta. In gonarka na sama da tafkin, yi kunya ka tare ruwan sama, ka bar ciyawa a gefen, kuma in za ka sa sufa ka binne shi, kada ka watsa a bisa ƙasa hadari na tasowa.