Korona da darasin kara: mun san killace saniya, na mutum ne ya ba mu wuya

Duk wanda ya tashi a kara ya san dokar nan: saniya ta fara dalalar da miyau tana ɗingishi, boru ne, a ware ta. Ba mai cewa ƙaddara ce ya bar ta cikin garke. Mahaifina in kaya suka sauka daga Potiskum ko Maigatari ba ya haɗa su da na ƙasa nan take, don dabba kan ɗauki cuta kwanaki tana cin harawarta lafiya lau kafin ta nuna. To, bayanin korona ke nan. Mutum kan yi kwana 2 zuwa 14 kafin alama ta fito, wani ma ba za ta fito ba sam, amma yana raba ta ta numfashi da tari.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da ita a Legas, a jikin wani ɗan Italiya. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja. Labari kam ya kai ko'ina, rediyo ya faɗa, WhatsApp ya faɗa, limamai sun faɗa. A ganina ba rashin sani ne ya dame mu ba, rashin yarda ne. A Agege da Mile 12 abin da kake ji shi ne cutar masu hawa jirgi ce, ko zafin ranarmu zai kashe ta. Rasuwar Abba Kyari a watan Afrilu ma sai ta ƙara wa wasu hujja: ka gani, ta manya ce. Sai da waya ta fara shigowa daga Kano, ana ta jana'izar dattawa a jere, sannan jikin mutane ya yi sanyi.

Cikin matakan da hukumar NCDC ta bayar, wanke hannu bai yi mana nauyi ba, mu da ke alwala sau biyar, illa dai ruwa zalla ba ya wadatarwa, sai da sabulu. Musabaha ce aka sha fama, don wa zai ƙi miƙa wa dattijo hannu? Ba da tazara kuwa, wallahi wanda ya tsara ta bai taɓa shiga ɗakin da samari goma ke kwana ba. Kuma nan haɗarin yake. Filin kara iska na kaɗawa, cutar ba ta cika kamu a sarari ba. Ɗaki mai rufaffiyar taga, shagon kallon ƙwallo, kan tirela da mutum huɗu a matse, su ne wuraren da ta fi so. Da an nanata wa mutane buɗe taga da raba wa mai tari wurin kwana, da an ba su abin da za su iya.

Ga kuma yunwa. Mai shayi da ɗan acaba da mai turin ruwa sai sun fita suke ci. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi aka bar motocin abinci da dabbobi, sai wasu suka riƙa laɓewa cikin shanu. Daga nan aka fara yi wa kowane ɗan Arewa kallon mai ɗauke da cuta, shi kuma mai zazzaɓi ya gwammace ya je kemis a ɓoye da a ce an tafi da shi gwaji. Ɓoyon nan ya fi komai yaɗa ta.

Rigakafi ya iso a Maris ɗin 2021, aka ce yana hana haihuwa. Abin dariya, mutumin da ke biyan malamin dabbobi ya tsira wa shanunsa allurar ciwon huhu shi ne ke gudun tasa. Na san dattawa a kararmu da ba su miƙa dantse ba sai a 2022, da Saudiyya ta sake buɗe Hajji ga baƙi ta ce ba mai shiga sai da shaidar rigakafi.