Lissafin da Ke Gina Tsaunukan Minecraft

Duk wanda ya taɓa buga wasan Minecraft ya ga tsaunuka da kwaruruka iri-iri. Ba hannu ne ya zana su ba, lissafi ne. Ken Perlin, ɗan Amurka, shi ya ƙirƙiro dabarar a 1983, bayan aikinsa a fim ɗin Tron, saboda hotunan kwamfuta na lokacin sun cika santsi. Dabarar tana fitar da lambobi barkatai, amma kowace ba ta nisa da maƙwabciyarta, shi ya sa tudu ke hawa da gangara sannu a hankali. A 1997 ta jawo masa lambar yabo ta Oscar a fannin fasaha.

Sai dai dabara ba ta isa hannun jama'a sai an ƙunshe ta: a sa mata suna, lambar fitowa, bayanin amfani da lasisi, a ɗora a rumbun manhajoji irin PyPI. Daga nan mai koyon Python zai sauke ta da umarnin pip.

Batun izini kuwa ba wasa ba ne. An yi wa Simplex, sabuwar dabarar Perlin, rajistar mallaka a Amurka, sai da aka ƙirƙiro OpenSimplex a 2014 don kowa ya amfana. Ɗalibai, kafin ku yi aiki da manhajar wani, ku karanta lasisinta.