Zanen Dagi da Zaren Lantarki: Shirin Ɗalibi Kafin Ɗinki

Tufafin lantarki su ne waɗanda ake ɗinka wa ƙananan fitilu da batir, a haɗa su da zaren da aka cuɗa da azurfa ko ƙarfe maimakon waya. Fannin ya bunƙasa bayan Leah Buechley ta ƙirƙiro LilyPad Arduino, wanda ya shiga kasuwa a Amurka a 2007.

Ɗalibin Sule Tankarkar ko Gumel da ke son gwada wannan fasaha yana da gadon da zai dogara da shi, wato aikin hula da na babbar riga. Yadi da allura kuwa suna samuwa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Sai dai akwai cikas. Kyawun dagi yana cikin sarƙewar layukansa, alhali zaren lantarki tsirara yake. Da zarar zare biyu masu fitowa daga ɓangarorin batir sun gitta juna, wutar za ta yanke hanya, fitila ta ƙi kamawa, batir mai ƙarfin bolt 3 ya ƙare da sauri.

Saboda haka, ya kamata ɗalibi ya fara zana hanyar wutar a takarda, ya bi da zare ɗaya ta fuskar riga, ɗayan ta cikin shafi, inda yadi zai raba su. Ya kuma tanadi aljihun cire batir kafin wanki. Wannan shiri ne zai sa dagi ya haskaka ba tare da an sauya siffarsa ba.