Tallan Da Ba Ya Sallama

Tun zamanin kakanni Bahaushe ya san talla, ya kuma san mai yin sa. 'Yar tallan goro ba ta ɓoye farantinta. Dillaliya idan ta shiga gida da ƙunshin atamfa tana zuba yabon kaya, matan gida sun san akwai la'ada a bayan yabon, saboda haka sukan rage wani abu daga maganarta kafin su taya. Haka nan a rediyo, da an ji kiɗan talla kowa ya san kamfani ne ya sayi lokacin. To, amma yanzu an sami wani irin talla wanda ba ya sallama, ba ya kuma faɗin sunansa, sai dai ya shigo cikin wayar mutum da siffar abokin hira.

Masu yin sa su ne mutanen nan da suka tara ɗimbin mabiya a Instagram da TikTok da YouTube. Tauraruwa za ta ɗauki hotonta tana karin kumallo, ga kwalbar wani lemo a gefe an juyo da sunanta wajen mai kallo. Wani zai yi ta ba da labarin tafiyarsa, yana ɗaga hannu lokaci-lokaci don agogo ya bayyana. Ba wanda ya ce a saya. Alhali kuwa sau da yawa akwai yarjejeniya a rubuce, wadda ta ƙayyade kuɗi, da ranar da za a saki hoton, har ma da kalmomin da za a rubuta a ƙarƙashinsa.

Asalin dabarar

Wannan dabara ta girmi intanet. A 1982, cikin fim ɗin nan na Amurka mai suna E.T. wanda Steven Spielberg ya shirya, an nuna wani yaro yana jawo hankalin wata halitta daga sararin samaniya da alewar Reese's Pieces. Kamfanin Hershey mai yin alewar ya san da maganar tun kafin fim ɗin ya fito, kuma bayan fitowarsa cinikinta ya hau ƙwarai. Sai dai mai kallon fim ya san wasa yake kallo. Mai bin tauraron intanet kuwa yana ɗauka rayuwar mutumin ta haƙiƙa yake gani. Watau abin da kamfani ke saye a nan shi ne amincewar da mabiya suka yi wa gwaninsu.

Riga ɗaya, mata 50

Misali mafi bayyana shi ne na kantin tufafi na Lord & Taylor a Amurka. A watan Maris na 2015 kantin ya zaɓi mata 50 masu yawan mabiya a Instagram, ya ba kowace riga iri ɗaya kyauta, ya kuma biya su tsakanin dala 1,000 zuwa 4,000 kowace. Sharaɗin shi ne su sa rigar su ɗauki hoto, su saki a ƙarshen mako guda, bayan kantin ya duba hoton ya amince. Babu ko ɗaya daga cikin hotunan da ya nuna cewa an biya kuɗi. Cikin kwana 2 hotunan suka kai ga mutane miliyan 11.4, rigar kuwa ta ƙare a kanti nan da nan.

Matan da suka yi rububin saye sun zaci sa'a ce kawai ta sa gwanayen ado suka haɗu a kan riga ɗaya. Amma ruwa ba ya tsami banza. A 2016 hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayyar Amurka, watau FTC, ta tuhumi kantin da yaudarar masu saye, aka kuma sasanta bisa sharaɗin cewa daga nan gaba dole a bayyana duk wata alaƙa da ke tsakaninsa da masu yabon kayansa. A watan Afrilu na 2017 hukumar ta aika wasiƙun jan kunne fiye da 90 ga taurari da kamfanoni. A wannan shekarar ce Instagram ya fito da wata alama da ake sakawa a saman hoto don nuna cewa akwai biya a ciki.

Abin bai tsaya ga tufafi ba. A 2021 Kim Kardashian ta karɓi dala 250,000 ta yaba wani kuɗin intanet mai suna EthereumMax. Ko da yake ta sa 'yar alamar talla a ƙasan saƙon, ba ta faɗi abin da aka biya ta ba, kamar yadda dokar hannun jari ta Amurka ta tanada. A watan Oktoba na 2022 ta amince ta biya dala miliyan 1.26 don a kashe maganar. Faransa ma ta kafa doka a watan Yuni na 2023, wadda ta tilasta wa irin waɗannan mutane su rubuta a fili cewa talla suke yi, ta kuma hana su tallata tiyatar gyaran jiki.

Mu fa a gida?

A Nijeriya akwai doka. A 2022 aka kafa hukumar kula da harkokin talla ta ARCON, wadda ta maye gurbin APCON da aka kafa tun 1988, kuma ƙa'idarta ita ce a tantance talla kafin a nuna wa jama'a, har da wanda ake yi a kafofin sada zumunta. Wahalar ita ce, ta yaya za a tantance tallan da mai shi ya rantse ba talla ba ne? Hoto yakan ɓace bayan sa'o'i 24, biyan kuma sau da yawa ba kuɗi ba ne, kyautar kaya ce ko kwana a otal.

Haɗarin a nan ya wuce na asarar kuɗin riga. Cikin kayan da aka fi cusawa ta wannan hanya akwai man shafawa mai sauya launin fata, da magungunan rage ƙiba, da kayan mata waɗanda ba su da lambar rajistar NAFDAC. A 2023 hukumar ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya mai bukatar matakin gaggawa, domin wasu mayukan na ɗauke da sinadarai masu lalata fata da ƙoda. Yarinyar da ta ga gwanarta tana walƙiya ga kwalbar mai a kan madubi, ba ta san cewa hasken fitila da gyaran hoto ne suka yi rabin aikin ba.

Ba laifi ba ne mutum ya ci abinci da farin jininsa. Talla sana'a ce kamar kowace. Laifin shi ne ɓoyewa. Ya kamata duk wanda aka biya, ko aka ba kyauta, ya faɗa a farkon magana da harshen da mabiyansa ke ji, ba ya binne alamar a ƙarshen rubutu da Turanci ba. Kamfanonin da ke biya su ma a kama su da alhaki, kamar yadda aka yi wa Lord & Taylor.

Kai kuma mai karatu, idan ka ga sunan kaya ya fito sarai a hoto, ko mutane da dama sun tashi yabon abu ɗaya a mako ɗaya, ko an ba ka wata lamba ta samun rangwame, to ka tambayi kanka: wa ya biya? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kakanninmu ba su taɓa sayen atamfa a kan maganar dillaliya kaɗai ba, sai sun warware ta sun duba a hasken rana.