Yadda A Ke Gane Shekarun Kayan Dā

A cikin shekarar 1987 wani Bafilatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, wanda ke cikin Jihar Yobe a yau, sai ya ci karo da wani ƙaton ice a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994, ashe kwale-kwale ne, tsawonsa ya ɗara mita 8. Ba wanda ya san masassaƙinsa, ba kuwa rubutu a jikinsa. To, ƙaƙa za a san shekarunsa?

Akwai wani sinadari da a ke kira kabon, shi ne abin da ya fi yawa a cikin gawayi. Kowane abu mai rai yana da shi a jikinsa. Galibin kabon ba ya sākewa, amma akwai wani irinsa ɗan kaɗan, wanda a ke kira kabon 14, shi kam kullum raguwa ya ke yi. Can sama ƙwarai a ke samunsa cikin iska. Itatuwa da ciyayi su kan shaƙe shi, dabbobi su ci ciyawa, mutane kuma su ci hatsi da nama.

Muddin abu yana da rai, kamar tulu ne mai yoyo wanda a ke ta ƙara masa ruwa, ba ya raguwa. Ran da ya mutu sai a daina ƙari, yoyo kuwa ba ya tsayawa. Abin mamaki shi ne, raguwan nan yana da ƙa'ida. Bayan kowace shekara 5,730 rabin kabon 14 ya kan tafi. Misali, a ce goro 80 ne. Bayan shekara 5,730 saura 40. Bayan wata 5,730 saura 20, sa'an nan 10. Zafi ko sanyi, rani ko damina, ba su hanzarta shi, ba su kuma jinkirta shi. Saboda haka in an auna abin da ya saura cikin ice ko ƙashi, sai a lissafa tun yaushe ya mutu.

Wani masani a Amurka, Willard Libby, shi ya fito da dabaran nan wajen 1949. Bai ce a yarda da shi haka kawai ba. Ya fara gwada ta a kan itacen da aka ɗauko daga kaburburan sarakunan Masar, waɗanda an riga an san zamaninsu. Lissafinsa ya zo kusa da abin da tarihi ya faɗa. A 1960 aka ba shi lambar girma ta Nobel.

Haka aka yi da kwale-kwalen Dufuna. Aka ɗebi 'yan guntayensa aka aika wurare biyu a Jamus, kowa ya auna nasa dabam. Amsoshinsu suka yi kusa da juna, watau ya kai wajen shekara 8,000. Har yanzu ba a sami jirgin da ya girme shi ba a Afirka duka.

Amma fa ma'aunin nan ba ya rasa iyaka. Na farko, ba ya faɗin rana ko wata, sai dai ya ce tsakanin shekara kaza da kaza. Na biyu, in sabon saiwa ko wani datti ya gauraya da tsohon abu, sai a ga kamar shekarunsa ba su kai ba. Don haka a kan wanke shi sarai kafin a auna. Na uku, yawan kabon 14 cikin iska ya kan ɗan sāke daga zamani zuwa zamani. Maganin wannan, masana sun ƙidaya zoben da ke cikin kututturen itatuwa na ƙasashen sanyi, inda kowace shekara ta kan bar zobe guda, suka gyara lissafinsu da shi. Na huɗu, abin da ya wuce shekara 50,000 ba ya aunuwa ta haka, gama kabon 14 ɗinsa ya kusa ƙarewa.

Duwatsu kuwa da wani sinadari dabam a ke aunansu, kamar yuraniyam, wanda a hankali ya kan rikiɗe ya zama dalma. Ta haka aka lissafa shekarun duniya, wajen miliyan 4,500.

Masani mai hankali ba ya dogara ga awo ɗaya, kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da shaida guda. Sai awo biyu ko uku sun yi daidai, kāna ya amince.

Tambayoyi

1. A ina aka sami tsohon kwale-kwalen nan, kuma a wace shekara?
2. In goro 80 ya koma 10, sau nawa aka raba shi biyu? Shekara nawa ke nan?
3. Don me a ke wanke abu kafin a auna shi?