Hoton da Ba a Rubuta Sunan Mai Shi Ba

A gidaje da yawa akwai wata tsohuwar adaka cike da hotuna, katunan ɗaurin aure, wasiƙu da takardun makaranta. Muddin tsohuwar da ta san kowa tana raye, kowane hoto yana da labari. Ranar da ta kwanta dama, sai jikoki su riƙa juya shi suna tambayar juna: wane ne wannan mai rawanin? Abin da ke raya hoto shi ne layi biyun da aka rubuta a ƙarƙashinsa: suna, wuri da shekara.

Wannan shi ne amfanin kundin tunawa, littafin da ake manna irin waɗannan takardu a ciki tare da bayaninsu. A Amurka abin ya daɗe. A 1873 marubuci Mark Twain ya yi rajistar wani littafi mai gam a jikin shafukansa, wanda jiƙawa kawai ake yi a manna. A 1980 kuma wata mata mai suna Marielen Christensen ta baje kundaye 50 na tarihin danginta a wani taro a Salt Lake City, kuma shekara guda bayan haka ta buɗe shagon kayan wannan aiki. Daga nan ya zama kasuwa mai cike da kayan ƙyale-ƙyale, waɗanda a ganina ba su ƙara wa kundin komai ba.

Wani zai ce ai waya ta wadatar. To, waya tana ɓata, ana sace ta, lambar sirrinta kuma sau da yawa tana tafiya da mai ita. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a 2019 shafin intanet na MySpace ya amsa cewa waƙoƙi da hotunan da jama'a suka ɗora kafin 2016 sun salwanta wajen sauya ma'ajiya. Ban da haka, wa zai zauna ya tace hotuna dubbai marasa suna? Kundi yana tilasta mutum ya zaɓa, ya kuma yi bayani.

Masu cewa takarda ma tana lalacewa sun yi gaskiya, don gara da danshin damina ba sa tausayi. Sai dai akwai dabara. Takardar jarida tana yin rawaya ta kakkarye saboda sinadarin da ke cikinta, don haka a yi mata fotokwafi. Rasidin POS rubutunsa gogewa yake yi. Salatif yana barin tabon da ba ya fita, tawadar biro kuma tana iya ratsa hoto, gara a yi rubutu da fensir. A ajiye kundin nesa da ƙasa da bango, sannan a ɗauki shafukansa da waya a tura wa dangi.

Mai karatu, idan gidanku akwai sauran dattawa, ɗauki hotunan nan da fensir ka je ka zauna da su tun suna iya gane fuskokin.